Tafin Hannu a Bakin Rumbu

Filinge, 7 ga Muharram, shekarar Nasara 1957

Yaya Manzo,

Yara nawa ne a gidanka? Kada ka waiwayi na kusa da kai, ba shi aka tambaya ba. Na san a zauren mai masaukinku ake karanta maka takarda, gaban ƴan ƙasarmu Kurfai da ke Kumasi, to ƙirga da yatsu su gani. In ka tsaya a biyar, ka manta da Hawa, wadda aka haifa wata huɗu bayan tafiyarka, ba ka taɓa ganin fuskarta ba. In ka tsaya a shida, ka manta da marayu uku na ƴar'uwarmu Laraba. Tara ne. Babbarsu Dijatu ba ta cika sha ɗaya ba. Su ka bar mini tare da matarka Habsa, ka ce wata shida kawai. Wagga damina ita ce ta biyu.

Gaisuwa ta zo a baya, nan ta samu wuri. Ina gaishe ka, ina gaida mutanenmu na can. Lafiya kuwa babu ita, ba zan rubuta ƙarya don ladabi ba.

Wata mura ta shigo gari mako biyu da suka wuce. Ma'aikacin asibiti ya ce murar Asiya ce, ta zagaye duniya, har wurinku ta je. Mu nan Kwanta-Duka muke ce mata, don in ta shiga gida ba ta barin mai miƙa wa wani ruwa. Habsa kwana biyar ba ta ɗaga kai ba. Yara bakwai kwance, zazzaɓi da tari kamar ƙirji zai tsage. Ni ta fara kayarwa ta sake ni, shi ya sa ni kaɗai ke tsaye.

Ga aikina, tunda ba ka tambaya. Da asuba rijiya, sawu huɗu. In dawo in yi daka. E, ƙanenka ke daka, da taɓarya, a tsakar gida, matan da za su yi mini dariya duk suna kwance. Baffa Magagi ya leƙo ta kan darni ya ce, "Sahabi, saura ka ɗaura zane." Na ce, "Baffa, in zanen zai ƙara hatsi a turmi, ara mini na gwaggo." In dama kunu, in wanke tsummokaran Hawa da na Ladi, in tafasa ganyen sabara in yi musu surace ɗaya bayan ɗaya. Haruna da Hamidu suna tari suna dambe kan wa zai kwanta bakin ƙofa. Gona ta samu noman farko, maimai kuwa sai dai in hango ciyawa daga nesa mu gaisa.

Yanzu abin da ya sa na ɓata takarda. Ƙaramin rumbu saura dami huɗu. Na je kasuwa, rumfuna wayam, masu hatsi na Baleyara ba su hauro ba. Dangin Habsa a Damana su ma kwance. Sabon gero sai bayan kwana hamsin.

Rumbun Baba yana nan tsaye bayan gida. Ka san dokarsa, amma zan faɗa don na zaure su ji. Baba ya binne ƴan'uwa huɗu a yunwar shekarar fara. Shi ya sa a kakarsa ta ƙarshe ya cika babban rumbun laka da dami ɗari da ashirin, ya liƙe bakin, ya danna tafinsa na dama cikin ɗanyar laka, tafin nan mai yatsu huɗu da fasa dutsen hanyar Nasara ya bar masa. Ni ke miƙa masa laka ran nan. Ya kifa hular ciyawa a kai ya ce babu mai buɗewa sai babban ɗa, ko wanda babban ɗa ya ba izini, gaban dattijai biyu, kuma sai ranar da yunwa ta shigo gida.

Ta shigo. Kalma ɗaya nake so daga gare ka: buɗe.

Ƙanenka Sahabi. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya rubuta mini.

Filinge, 19 ga Muharram

Yaya Manzo,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, don in ba ka lafiya shirunka yana da dalili, in kuwa kana lafiya ba shi da shi. Sau uku na je gidan waya. Ma'aikacin har ya san ƙarar takalmina, kafin in yi sallama yake cewa babu.

Dijatu da Musa sun tashi, Allah ya sa. Habsa tana iya zama ta jingina da bango. Dami huɗun nan sun ƙare shekaranjiya. Muna cin tafasa da rama, ina yaudarar su da tafi ɗaya na dusa don ruwan ya yi kauri. Manya suna haɗiyewa. Ladi ta tofar ta ce mini, "Baba Sahabi, wannan na awaki ne." Ban ce mata ƙarya take ba.

Abin da ke tsorata ni Hawa ce. Zazzaɓi da rashin ci sun ƙafar da nonon uwarta. Yarinya tana ja tana ja, ta saki ta yi kuka, yanzu ma kukan ya koma kamar na mage. Na kai ta asibiti a kafaɗa, aka ba ta ruwan magani, aka ce a ciyar da uwar sosai. Na ce to, don ban ga amfanin yi wa ma'aikacin bayani ba.

Na je wurin Baffa Magagi na ce ya taho da liman a buɗe rumbu, izininka ya ishe mu daga baya. Ya biyo ni har bayan gida. Ya ƙwanƙwasa cikin rumbun da sandarsa, ya kara kunne, ya ce, "Ji nan. Cike yake dam. Albarkar wana ke nan."

Na ce, "Baffa, albarkar tana ciki, yaran suna waje."

Ya ce, "Wana ya ce sai Manzo. Ina tsaye ya faɗa. Ba ni zan je Lahira in ce masa na canza ba."

Na ce, "In ka je ka gaya masa ni na matsa."

Ya ce, "Bakinka ya fi ka girma, yaro. Jira takarda."

Ya aiko da tiya biyu na gero daga gidansa. Ba zan zage shi ba, shi ma baki goma sha uku yake ciyarwa. Tiya biyun na ware wa Habsa ita kaɗai, amma duk sadda na juya baya sai in ishe ta tana ɗura wa marayun Laraba.

Ina jira, Yaya. Ban taɓa jiran kowa haka ba, ka san halina. Ina jira ne don Baba, ba don kai ba. Kai mai karanta masa, kada ka tsallake layin nan don gyara zumunci.

Sahabi.

Kumasi, 21 ga Muharram

Daga Manzo ɗan Na'Allah zuwa ga ƙanensa Sahabi, ta hannun mai rubuta takardu na Zongo. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali duka, da Baffa Magagi da liman da mutanen unguwa. Ni lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, takardarka ta bakwai ga wata ta iso. An karanta ta gaban mutane kamar yadda ka so. Sun yi dariya, har wani ya riƙe yatsuna yana ƙirga mini. In abin da ka nema ke nan, ka samu. Ban san ƙanen da ke buɗe wa wansa magana da tambaya kafin gaisuwa ba, sai kai. Baƙaƙen da ka tsinta a jikin buhunan siminti a Yamai, da abin da tsohon soja ya koya maka a gindin bango, su suka hau maka kai. Mai karatun gaskiya yana da ladabi.

Murar da kake faɗa ta zo nan ma. Na kwanta kwana biyar na tashi, ban rubuta wa kowa takarda ba. Mura mura ce, ba yunwa ba ce. Baba yunwa ya ce. Kai tun kana ƙarami in ƙaya ta soke ka sai unguwa ta ji.

Saboda haka kada ka taɓa rumbu. Akwai awaki a gidan, a yanka ɗaya. Akwai dangi, a je musu. Ina neman mai tafiya gida in ba shi buhun garin rogo da sabulu da turmin atamfa na Habsa, in an samu mota. Ina nan ina fama dominku, ba wasa nake yi a Kurmi ba, na kafa tebur a kasuwa kuma ya fara tsayawa da ƙafarsa. In na bar shi yanzu komai ya rushe.

Na sake faɗa maka, kada ka taɓa rumbu. Bayan kaka zan taho in buɗe shi da hannuna in akwai bukata. Ka gaya wa Baffa Magagi amana ce a wuyansa, ko hular ciyawar kada a ɗaga.

Ga hotona na sa a ciki don yara su gani. A gaida Habsa, a ce ta yi haƙuri. A shafa mini kan ƙaramar.

Magana ta ƙarshe, kada ka taɓa rumbu. Wassalam.

Filinge, 5 ga Safar

Yaya Manzo,

Gaisuwa. Habsa ta miƙe. Dijatu, Musa, Haruna, Hamidu, Ladi da marayu uku duk sun miƙe, sai tari da ya rage. Baffa Magagi na kwance amma ya fara cin tuwo. Na cika ladabi? To saurara.

Sunanta Hawa. Ƙaramar da ka ce a shafa maka kanta. Ta rasu ranar ashirin da takwas ga Muharram da hantsi, a cinyar uwarta. Takardarka ta ishe mu jiya, bayan an yi sadakar bakwai an watse. Ban samu kan da zan shafa ba.

Hoton ya iso lafiya. Yara sun yi ta miƙa wa juna. Sun ga agogo, sun ga zoben azurfarka, sun ga keke a bayanka. Ladi ta ce, "Wane ne wanga?" Musa ya ce mata kumandan ne, mai mulkin Nasara. Awakin da ka ce a yanka, biyu ne, tun farkon watan jiya aka yanka ɗaya, ɗayar ita ke ba da ƴar madarar da ta riƙe Hawa kwana goma. Buhun gari bai iso ba. Wataƙila shi ma mura ta kama shi a hanya.

Na taɓa rumbu. Ban jira takardarka ba, kuma da ta zo kafin nan ma da na taɓa. Mun dawo daga maƙabarta, mu biyar kawai muka kai ta, don liman gawa uku ya sallata ran nan. Na shigo na ishe yara takwas zaune a inuwa, babu mai kuka, suna kallon tukunya. Rana tsaka ce. Na ɗauki gatari da tsani. Baffa Magagi zazzaɓi ya kayar da shi kwana ɗaya kafin nan, liman ya koma maƙabarta, dattijan unguwa kowa na ɗakinsa yana nishi. Ban kira kowa ba. Na ture hular ciyawa, na sara lakar ban ko dube ta ba, don na san in na ga tafin Baba hannuna zai mutu.

Dami goma sha ɗaya na samu, an jera su a sama da kyau. Na ɗaga na ƙarshe, sai kara. Karan gero, an ɗaure shi dami-dami da kaba, an cusa ƙaiƙayi a tsakani don kada rumbu ya yi ƙarar wofi in an ƙwanƙwasa. Na shiga ciki ina tona ina watsowa waje har na taɓa ƙasa da ƙafata. Babu zangarniya ɗaya. Na fito fari fat da ƙura, Hamidu ya gan ni ya ruga.

Kada ka ce mini gara. Gara ba ta ɗaure kara da kaba. Kada ka ce ɓera.

Goma sha ɗayan nan su muke ci, rabin dami a yini, Dijatu ke sussuka ni ke daka. Za su kai mu sabon gero in Allah ya so. Ranar farko da na sauke tuwo na gaske, Habsa ta ci loma biyu, nononta ya kawo da yamma har ya jiƙa zane. Ta shiga ɗaki ta rufe. Wannan ma ka sa a karanta maka.

Ina dami ɗari da tara? Ni ina Yamai ina ɗaukar bulo sadda ka kira ni in zo in riƙe gida. Daga rasuwar Baba zuwa ranar da na iso, kai ke nan. In ɓarawo ne, faɗa mini wa kake zato. In ka san wani abu, faɗa mini ni kaɗai, har yanzu da sauran wuri.

Na ƙirga takardarka. Kada ka taɓa rumbu, sau uku. Sunan ƴarka, ko sau ɗaya.

Sahabi.

Kumasi, 19 ga Safar

Daga Manzo ɗan Na'Allah zuwa ga mahaifinmu Baffa Magagi, da liman, da dattijan unguwa. Gaisuwa irin ta ɗa ga iyaye. Ina fata Allah ya ɗauke muku wannan ciwo. Ni ina lafiya a jiki, zuciya kuwa babu daɗi. Ina roƙo a nemi mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya karanta wagga takarda, kada a ba Sahabi.

Takardunsa biyu sun ishe ni rana ɗaya. Na ji rasuwar Hawa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Mutanenmu na nan sun taru mun yi addu'a, na yi sadaka. A gaya wa uwarta ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, ba wani abu ba.

Bayan haka, Baffa, kai shaida ne ga abin da Baba ya faɗa. Ya ce da izinin babban ɗa. Ban ba da izini ba. Ya ce gaban dattijai biyu. Yaron nan da bakinsa ya rubuta cewa shi kaɗai ya hau, ya zaɓi ranar da kake kwance, liman na maƙabarta. Kai ka ƙwanƙwasa rumbun da sandarka kwana tara kafin nan ka ji shi cike. Yanzu yana ce mana kara ne a ciki. Wa ya gani? Damina biyu rumbun yana hannunsa, ni ina nesa. Mai hankali ya duba.

Ba na son in kira ɗan ubana da sunan da ya dace da wanda ya yi haka. Ku kuka san sunan. Abin da nake roƙo, a karɓe gonar gandu daga hannunsa, amfanin bana ya shiga rumbunka, Baffa, kai za ka riƙa auna wa Habsa da yara. Shi kuwa ya koma Yamai inda ya koyo wayonsa. Ba na son ya ƙara kwana cikin iyalina yana koya wa ƴaƴana raina ubansu.

Zan taho in Allah ya buɗe hanya. Wassalam.

Filinge, 6 ga Rabi'ul Awwal

Manzo,

Ina gaida mutanen zaure, dattijansu da samarinsu. Kai ma ga taka gaisuwar, ɗauka. Yara takwas lafiya. Ciwon ya bar gari, ya tafi da mutum goma sha huɗu a unguwarmu. An fara yankan gero, abin da ciyawa ta bari.

Mushen lakwal ya tafi hutu garinsu, bai dawo ba. Ɗan tsohon soja da ke ɗan haɗa baƙi yana cikin goma sha huɗun. Saboda haka da takardarka ta zo, aka shimfiɗa tabarmi ƙofar Baffa Magagi bayan la'asar, liman da dattijai shida, aka juya ta aka juya, aka rasa mai karantawa. Baffa ya ce, "A kira mai bakin nan." Ni na karanta musu. Na karanta inda ka ce kada a ba ni. Na karanta inda ka ce ku kuka san sunan. Ban tsallake wasali ɗaya ba, har na maimaita wa liman wurin da bai ji ba.

Baffa ya ce, "Ka hau kai kaɗai?"

Na ce, "Na hau."

Ya ce, "Wa ya ga karan a ciki?"

Na ce, "Hamidu, shekararsa biyar."

Wani ya yi dariya, liman ya harare shi. Baffa ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Sannan ya ce in an gama ɗaurin dami, amfanin gona ya koma rumbunsa, ni kuma in nemi hanya. Bai ce ɓarawo ba. Ba sai ya ce ba. Washegari a rijiya wata mata ta janye gugarta daga kusa da tawa.

Habsa tana bayan darni ta ji komai. Da safe na dawo daga rijiya na ishe ta zaune ƙofar ɗakina da faifai a gabanta. Ashe ranar da na sara bakin rumbu, ta bi ta tsince gutsattsarin lakar, ta ƙulle a tsumma ta sa ƙarƙashin gado. Cewa ta yi hannun surukinta ne, bai kamata awaki su taka ba, yara su taso su ga tafin kakansu. Ba ta kwance ƙullin ba sai ran nan. Guda bakwai ne, ta haɗa su a kan faifai kamar fasasshiyar ƙwarya.

Ta ce, "Sahabi, kai ka iya ƙirga. Ƙirga mini."

Biyar ne, Manzo. Yatsu biyar cif.

Na sa tafina a ciki, don na san abin da za ka ce. Yatsuna ba su kai ƙarshe ba, saura gaɓa guda, ka san ni hannun Inna na ɗauko. A yatsan tsakiya akwai zurfin zobe. Na ɗauko hoton da ka aiko yara su gani, na ajiye kusa da faifan. Habsa ta dubi ɗaya ta dubi ɗaya. Sannan ta ce kafin ka tafi Kurmi, ka tura ta Damana da yara duka ta gaida uwarta, kwana goma, abin da ba ka taɓa yi ba, har ta yi ta sa maka albarka a hanya.

Ban damu da tebur ɗinka ba, ko keke. Kai ne babba. Da ka tara dattijai ka ce kana son hatsin ka nemi arziki da shi, wataƙila su ba ka, wataƙila su hana, ni dai da ban ce komai ba. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne wanga: kwana ashirin da ɗaya ina zagaya rumbun nan ina jiran izininka, yarinya tana ƙanƙancewa a hannuna, alhali abin da nake tsaro ba wasiyyar Baba ba ce, asirinka ne. Dami goma sha ɗayan nan suna sama tun ranar farko. Loma biyu suka dawo da nonon uwarta. Ka ce kwana ne ya ƙare. Allah ya san kwana, ban yi musu ba. Amma ni na san nawa laifin, kuma da shi nake kwana nake tashi: na jira ka.

Ban kai faifan wurin Baffa ba tukuna. Habsa ta riƙe mini riga ta ce, "Uban yarana ne. Bar shi ya faɗa da bakinsa, ko yaran su samu abin da za su riƙe." Don ita na yarda, ba don kai ba. Ita ce ta binne ƴa, kuma ita ke nema maka sutura.

Ga abin da nake so. Juma'ar farko ta watan gobe, bayan an sallame, a ƙofar masallaci, gaban Baffa Magagi da liman da duk wanda ya ji an karanta sunana a tabarma. Ko ka taho da ƙafarka ka sa hannunka cikin lakar nan mutane su gani. Ko ka aiko takarda ka faɗi wanda ya buɗe rumbun Baba da inda dami ɗari da tara suka tafi, ka shafa tawada a tafinka na dama ka danna a ƙasan takardar, da zoben, kada ka cire. Mushen lakwal zai dawo kafin nan, shi zai karanta, tunda shi ka yarda da shi. In Juma'ar ta zo babu kai babu takarda, zan ɗauki faifan da kaina in ajiye a tsakiyar sahu, in kira Ladi ta ƙirga, ta iya har biyar.

Ku kuma ƴan Kurfai da ke zaune a zauren nan, kun taya shi ƙirga ƴaƴansa kuna dariya. Yanzu ku dubi hannunsa na dama, yana nan kusa da ku. Kada ku bar shi ya tashi sai ya amsa a gabanku, da ƙarfi, yadda na karanta tawa: wa ya danna tafinsa a bakin rumbun Baba?

Sahabi ɗan Na'Allah.